Ɗana da aka yi wa ɗinkin leɓe da ganɗa ya zo na 41 a aji: ƙwaƙwalwa ce ko me?

Maman Haidar, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ban saba kawo maganar gidana fili ba, amma yau abin ya tsaya mini a rai.

Ɗana na uku, Haidar, shekararsa tara, yana aji uku na firamare. An haife shi da tsagewar leɓe ta ɓangaren hagu, ta ratsa dasashi har cikin ganɗa. Wadda ba ta yi irin wannan raino ba ba za ta gane ba: in ya sha nono ta hanci yake dawowa, da cokali da ɗan kofi na raine shi. An ɗinke leɓen yana wata biyar. Ganɗar kuwa sai da ya shekara biyu da rabi, don sau biyu ana sa mana rana ana ɗagawa, sau ɗaya aka ce jininsa bai kai ba, sau ɗaya kuma yajin aiki. Alhamdu lillahi aiki ya yi kyau, in ba ka ƙura masa ido ba sai ka ɗauka faɗuwa ya yi yana ƙarami.

Shekaranjiya aka ba su sakamakon zango na biyu. Na 41 ya zo cikin yara 47. Lissafi ya ci 68, Turanci 31, shifta kuwa 2 cikin 20. Da na je wurin malamarsu sai ta ce mini, "Maman Haidar, yaron nan sai na kira shi sau uku kafin ya waiwayo, kuma bai taɓa ɗaga hannu ba. Ko za ku duba masa makarantar masu buƙata ta musamman?" Na haɗiye abin da na haɗiye na fito.

A gida kuma kowa da tasa. Uwar mijina Hajiya ta kafe a kan banjun tiyata, wato maganin sa barci, da aka yi masa har sau biyu yana ƙarami ne ya taɓa masa kai. Babansa ya ce a bar shi ya maimaita aji. A Islamiyya ma ba a tsira ba, malam ya ce yana gunna inda babu gunna, ƙaf da kaf ba sa fita, shekara guda ke nan yana izu ɗaya.

Abin da ya ɗaure mini kai, yaron nan shi ke tsare mini shago in na shiga salla. A ba shi dubu biyu a sayi kayan dubu ɗaya da ɗari uku da hamsin, kafin na lalubo waya ya miƙa canji. Wannan ne daƙiƙi?

Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya, ko mai ɗaci ce. Wannan larura tana taɓa ƙwaƙwalwa? Na bar shi ya maimaita, ko na canza masa makaranta?

Tsohon Malami, Funtuwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara ashirin da shida na yi ina riƙe da alli, kuma sakamakon nan da kika kawo shi da kansa yana magana. Lissafi a allo ake rubuta shi, ido ke ɗauka. Shifta kunne ke ɗauka. Yaron da ya ci 68 a na ido ya ci 2 a na kunne, ni ba kansa zan fara tuhuma ba.

Tambaya uku. A ina yake zama a ajin? In kin kira shi daga bayansa ba tare da ya ga bakinki ba, yana amsawa? Sannan ki buɗe littafin shiftar ki gani, barin layin yake yi fayau, ko yana rubuta wata kalma mai kama da wadda aka faɗa?

Maganar maimaita aji kuwa, ni ban ɗauke ta abin kunya ba, na ga yaran da ta yi wa rana. Sai dai in ba a gano abin da ya kayar da shi ba, baɗi ma nan za a same shi.

Maman Haidar, Kaduna

Malam, Allah ya saka da alheri. Na tambaye shi yanzu. Benci na biyun ƙarshe yake, jikin taga, don bisa tsawo aka zaunar da su, shi kuma dogo ne kamar babansa. Tagar kuma titi take kallo. Littafin na duba, yana rubutawa, sai dai ƙarshen kalmomin duk a guntule suke, wani wurin ma wata kalma ce daban. Kiran kuwa, wallahi kullum faɗan da nake masa ke nan, "Iye? Iye?" kamar tsoho, musamman da hunturu in mura ta kama shi. Ni duk na ɗauka iskanci ne.

Anti Nas

Maman Haidar, ba iskanci ba ne, kuma Malam ya riga ya nuna miki bakin zaren. Ni nas ce, na yi shekaru a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, irin su Haidar sun sha wucewa ta hannuna.

Akwai wata siririyar hanya da ta taso daga bayan hanci ta shiga kunne, can bayan dodon kunne. Ita ce in kin yi hamma ko kin haɗiyi yawu sai ki ji kunnenki ya yi ƙas ya buɗe. Naman da ke buɗe ta na ganɗa ne. Yaron da aka haifa da tsagaggiyar ganɗa, naman nan ba ya jan hanyar yadda ya kamata, ko bayan an yi ɗinki. Iska ba ta shiga, sai ruwa mai kauri kamar ƙaro ya taru a bayan dodon kunnen. Kusan duk yaran da ke da tsagewar ganɗa suna yin wannan a ƙuruciya, wasu ya bi su har shekarun firamare. Abin da ke yaudarar iyaye shi ne yawanci ba ciwo, ba zazzaɓi, ba mugunya. Yaro yana ji, amma kamar wanda ya toshe kunnuwansa da yatsu. Ki gwada da kanki, ki toshe naki ki sa wani ya yi miki shiftar Turanci daga nesa, ga ƙarar babura. Kuma abin zuwa yake yana tafiya, wannan makon ya ji garau, mako mai zuwa mura ta zo ya toshe, shi ya sa ake cewa yaro yana ji ya ƙi amsawa.

Tunda a Kaduna kike, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa nan a garinku. Ki ce a yi masa awon ji da awon motsin dodon kunne, duka biyun, kada ki tsaya a leƙawa da fitila kawai. In an ga ruwa, wani lokaci a ce a jira kamar wata uku a sake aunawa don yakan janye da kansa. In ya ƙi, akwai ɗan mitsitsin bututu da ake sawa a dodon kunne iska ta riƙa shiga, yakan faɗo da kansa bayan watanni. Wasu kuma na'urar ƙara ji ake ba su na ɗan lokaci.

Kin ce a faɗa miki gaskiya ko mai ɗaci ce, to ga ta. A ƙasashen da ke ajiye bayanan kowane ɗalibi an bi sawun irin waɗannan yara. A Ingila, wani bincike da ya fito a 2018 ya duba 'yan shekara biyar, ya ga in aka haɗa su jimla suna ɗan bayan sa'o'insu, tazarar ta fi ƙanƙanta ga masu leɓe kaɗai, ta fi girma ga waɗanda abin ya taɓa ganɗa. A Suwidin ma an ga irin haka a sakamakon kammala makaranta na 'yan shekara sha shida. To amma jimla ake magana, ba kowane yaro ba, cikinsu akwai masu zuwa na ɗaya. Kuma a jihar Iowa ta Amurka, da aka kwatanta yaran da 'yan ajinsu an ga tazara, da aka kwatanta su da 'yan'uwansu na ciki ɗaya sai aka ga kusan kunnen doki suke.

Maganar Hajiya uwar mijinki ta banju, ita ma an bincika. A Denmak an duba sakamakon jarrabawar 'yan aji tara, aka fitar a 2017, abin da aka gani shi ne irin tsagewar ce ke da alaƙa da sakamako, ba yawan shiga tiyata ko shekarun da aka yi ta ba. Ki faɗa mata cikin ladabi.

Akwai yaran da tsagewar tasu ɓangare ce ta wata larura mai faɗi da aka haife su da ita, wadda kan haɗa da zuciya ko jinkirin fahimta, an fi samun haka ga masu tsagewar ganɗa kaɗai. Masu leɓe da ganɗa irin Haidar, kusan kashi 70 cikin ɗari ba su da wata larurar bayan tsagewar. Duk da haka in an gyara ji ya shekara bai kama karatu ba, kada ki yi shiru, ki koma wurin likitan yara, don wahalar koyon karatu takan zo ita kaɗai ko da kunne lafiya.

Abu biyu kafin na tafi. Kada ki bari wanzami ya taɓa masa beli, in ma ba a riga an cire ba, haka in wani ya ce a cire naman bayan hanci saboda minshari, a fara tambayar likitan da ya yi masa ganɗar, don cirewar tana iya ƙara masa maganar hanci. Na biyu, kin ce tsagar ta ratsa dasashi. Tsakanin shekara takwas zuwa sha ɗaya, kafin fiƙa ta fito, ake cike giɓin da ɗan ƙashi da akan ɗebo daga ƙugu. Shekararsa tara, lokacin ke nan. Iyaye da yawa daga an ɗinke leɓe ya yi kyau ba a sake ganinsu.

Abu Khadija

Allah ya ba shi lafiya. Ki riƙa ɗiga masa man zaitun mai ɗumi a kunnen safe da yamma, ki haɗa masa da zuma da habbatus sauda. Kuma a dage da addu'a.

Anti Nas

Amin, Abu Khadija. Zuma ya sha abinsa, addu'a kuma ba a fasawa. Amma kada a ɗiga komai. Ruwan a bayan dodon kunne yake, mai ba zai kai wurin ba, in kuma akwai huji a dodon sai a jawo wani aikin.

Ummi 'yar Zariya

Mama, ina wuni. Na karanta sau biyu kafin na iya rubutu, don labarina ne kika ba da, suna kawai aka canza.

Shekarata ashirin da biyu, ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, Hausa nake karantawa. Leɓe da ganɗa duka aka yi mini. Anti Nas ta gama da kunne, ni zan yi maganar ɗaga hannu, don wannan ba kunne ba ne.

Ni ma ban taɓa ɗagawa ba. Na san amsa sarai, sai na rubuta ta a bayan littafi na tura wa ta kusa da ni ta faɗa a tafa mata. Dalili, ranar da na fara karatu a bayyane a aji biyu, na zo kan "dawa" ta fito "nawa", "baba" ta fito "mama", aji ya kwashe da dariya har da malamin. Daga ranar in an fita tara sai yara su matse hancinsu da yatsu su riƙa kwaikwayona. Ban taɓa faɗa wa Ummanmu ba, don na ga yadda take shiga damuwa a kaina. Ki tambayi Haidar, amma ba gaba da gaba ba. Ki bari kuna wani aiki, kina tsintar shinkafa yana taya ki, ki ce, "Wa ya fi tsokana a ajinku?" Za ki ji abin da ba ki zata ba.

A firamare ina cikin goman farko duk da haka. Inda na rushe JS2 ne, lokacin da 'yan mata suka fara duba madubi. Na koma rufe bakina da gefen hijabi, na daina cin abinci a gaban mutane, ranar da ake muhawara ko karatun baki sai na ce cikina ke ciwo. A zango ɗaya na yi fashin kwana goma sha tara. Na dawo ta 30 da wani abu, aka ce ai dama. Kaina bai canza ba tsakanin aji shida da JS2, Mama. Abin da ya canza shi ne na fara ƙin a gan ni.

Wadda ta tsamo ni malamar Hausa ce. Ba wa'azi ta yi mini ba. Ta ba ni aikin rubuta sunayen masu surutu da tattara littattafai, ka ga dole a riƙa lallashina. Sannan takan ba ni shafin da za a karanta gobe tun yau, na je gida na yi ta maimaitawa, in ta kira ni na riga na san inda zan yi tuntuɓe. Ki roƙi malamar Haidar ta yi masa wannan, ba ya cin ko sisi.

Abin dariya, sai da na zo darasin furuci na gane abin da ke damuna tun ina yarinya. Aka zana mana baki a allo, ga hanƙa, ga ganɗa, ga hanɗa can baya mai taushi. Hanɗar ce ke ɗagawa ta rufe hanyar hanci in za ka furta b, d, k, s, ts da ƙ. In ta gaza rufewa iska ta tsere ta hanci, b ta koma kamar m, d ta koma kamar n. Gunnar da malamin Islamiyya yake ji ke nan, kuma ƙaf da kaf daga can bayan suke fita. Ba taurin kai ba ne, bulala ba ta rufe hanɗa. A samu babansa ya je ya yi wa malam bayani, namiji da namiji, malamai da yawa in sun gane uzuri ne suna sassautawa.

Ga gwajin da mai koyar da magana ta yi mini: ki sa ƙaramin madubi a ƙarƙashin hancinsa ya ce "Baba ya tafi kasuwa". Babu m babu n a ciki, bai kamata madubin ya yi gumi ba. In ya yi, ki faɗa wa likita. Wani horon magana ke gyara shi, wani sai an ƙara ɗan aiki a hanɗar. Ni sai da aka ƙara mini ina shekara sha huɗu, da an yi tun da wuri da na huta da abubuwa da yawa.

Kuma da girmamawa ga Baba Malam, ni ban goyi bayan maimaitawa ba. Dogon yaro mai tabo a leɓe a cikin ƙannensa, an ba masu tsokana abu na biyu ke nan.

Tsohon Malami, Funtuwa

'Yata, na karɓi gyara a kan Haidar. Amma yaron da ya shiga aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, shi ma wata tsokanar ce ke jiransa. A duba karatun nasa a ƙarshen zango na uku kafin a yanke.

Baban Rakiya, Maraɗi

Sannunku. Tawa ɗiyar leɓe ne kaɗai, a asibitin CURE na Yamai aka yi mata. Tana lakwal, wato makarantar boko, ba ta da matsalar ji, karatunta lafiya lau. Abin da ya taɓa kayar da ita fashi ne, shekarar da muka yi ta zirga-zirgar gyaran haƙori, kowace tafiya kwana uku. Tun daga nan nake roƙon a sa mana rana cikin hutu, in bai yiwu ba na je wurin mushe, malaminsu, na amso darasin da za ta rasa. Ku ma can Najeriya ku tambaya, akwai asibitocin da ƙungiyar Smile Train ke biya wa kuɗin aikin, kada tsoron kuɗi ya hana ku komawa.

Maman Haidar, Kaduna

Ku yi haƙuri da shiruna, mako biyar ke nan, na ce sai na samu abin faɗa.

Mun je an auna. Ruwa ne a kunnuwan duka biyu, na hagu ya fi. Da mai awon ta nuna mini takardar ta ce ga inda ya kamata layin ya tsaya ga inda nasa yake, sai da na nemi kujera. Duk dundun da na yi wa yaron nan a kan "Iye?" ya dawo mini. An ce mu dawo bayan wata uku, in bai janye ba za a sa bututun. Madubin ma na gwada, ya yi gumi kaɗan, an tura mu wurin mai koyar da magana amma layi ne, sai wata mai zuwa. Maganar ƙashin dasashi kuma an ce sai an ɗauki hoto tukuna.

Makaranta na koma da takardar a hannu. Malamar ta karanta ta yi shiru, ta ce ita ba ta sani ba. Ta dawo da shi benci na farko ta ɓangaren da kunnen dama zai fuskance ta, sai na bayansa suka ce ya tare musu allo, aka mai da shi gefen bango. Shiftar makon jiya ya ci 9. Ba 20 ba ce, amma na liƙa ta a jikin firij.

Ummi, na yi dabarar tsintar shinkafa. Yara uku ne, ɗaya ma ɗan maƙwabciyata ne da yake cin tuwo a gidana. Wannan ban san yadda zan ɓullo masa ba tukuna, don uwar ba a taɓa mata ɗa. Hannu dai har yanzu bai ɗaga ba.

Babansa ya je Islamiyya, malam ya ce zai riƙa karɓar haddarsa shi kaɗai bayan an tashi. Hajiya uwar mijina kuwa na karanta mata bayanin Anti Nas tiryan-tiryan, ta saurara har ƙarshe, ta ce to ai ruwan ma banjun ne ya tara shi.

Anti Nas, in an sa bututun, zai iya yin alwala da wanka yadda ya saba, ko sai an riƙa toshe kunnen?